Yatsa Huɗu a Tankin Baba Maikano

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, wadda ta gagari mai ita.

A wani ƙauye an yi wani dattijo, Baba Maikano, mai tsohuwar akori-kura. Allurar da ke nuna yawan man motar ta daɗe da mutuwa, don haka da kara yake aunawa: ya zura a tanki, ya zaro, ya gwada da yatsunsa. Shekara ashirin abu ɗaya ya sani, sai da fetur yatsa shida motar take kaiwa birni.

Wata safiya kububuwa ta sare shi a ƙafa yana gona. Maganin dafin sai asibitin birni, ga shi kwana uku ke nan ko ɗigon fetur babu a wajen 'yan bumburutu. Aka zura kara. Yatsa huɗu.

"Ku bar ni a ɗakina," in ji tsohon. "Motar nan na san cikinta. A daji za ta ajiye mu."

'Ya'yansa uku ba su saurare shi ba.

Babbansu Ilu bakanike ne. Ya san uban yana rage wa tayoyi iska saboda yashi, yana kuma ajiye buhunan ƙasa uku a baya wai don kada motar ta riƙa tsalle. Ya sauke buhunan, ya cika tayoyin da famfon keke, ya ciro matatar iska ya kakkaɓe ƙaiƙayin geron da ya toshe ta.

"Kai Ilu, tuɓe min mota za ka yi?"

"Baba, yau kai za ta ɗauka, ba ƙasa ba."

Ta biyu Lantana, mai sayar da man gyaɗa, babu motar kasuwar da ba ta shiga ba. Da suka iso mararraba ta ce a bar hanyar yashi da uban ya saba bi, a zagaya ta burji.

"Ai ta fi nisa, Yaya," in ji ƙaninta.

"Nisa ba ya shan mai kamar yashi. Kuma tayoyin nan da suka cika tam, nutsewa za su yi. Juya kawai."

Wannan ƙanin shi ne Gambo, autansu, wanda ke riƙe da sitiyari. Duk ƙauyen an san shi da gudu. Ran nan kuwa ya sa babbar giya, ya ɗora ƙafa a totur a hankali, bai ƙara ba bai rage ba. Ƙafar uban tana kumbura, Lantana tana kuka tana cewa ya taka, Ilu ma ya sa baki. Gambo ya cije leɓe, ya ƙi.

Baba Maikano yana kwance a baya, ga zafin dafi, amma kunnensa na kan inji. Bai taɓa jin motar tana numfashi haka ba. Ya riƙa tambayar kansa, ashe shekara ashirin ina yatsa biyun nan suke tafiya?

A bakin ƙofar asibiti injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Gangara ce ta ƙarasa da su ciki.

Tsohon ya rayu, amma ƙafar ta sage, tuƙi ya ƙare masa. Ya yi niyyar ba da makullin motar ga wanda ya cece shi. Sai ya zauna yana juya kara a hannu. Da Ilu bai sauƙaƙa motar ba, da burjin ma ya shanye man. Da Lantana ba ta canza hanya ba, da suna cikin yashi har yanzu. Da Gambo ya biye wa kukan 'yan uwansa ya taka, da a ƙafa za su ƙarasa da gawa.

Makulli ɗaya ne, mota ɗaya. To, ku faɗa min, a tafin wa Baba Maikano zai ajiye shi?