Wanda Ya Ƙi Caca Ya Ajiye Aurensa

An yi wani mutum a cikinmu, yana zaune a garin Laurel, yana tuƙa tasi tsakanin Washington da filayen jirgin sama. Ba zan faɗi sunansa ba. Waɗanda suka san shi sun san shi, waɗanda ba su san shi ba kuwa darasin ya ishe su.

Ba mashayi ba ne, ba mai neman mata ba ne. Jam'in Juma'a ba ya wuce shi ko da fasinja na jira. Matarsa Rumasa'u tana aikin kula da tsofaffi, suna da 'ya'ya biyu, Sadiyya da Kamal. Shekararsu goma sha huɗu da aure, maƙwabci bai taɓa jin kansu ba.

Allah ya ba mutumin nan kaifin fahimta. Wuni yake yi a mota yana sauraren labaran duniya, jaridar da fasinja ya manta kuma sai ya karance ta kaf. In aka zauna hira, shi ke warware wa mutane abin da ke faruwa a ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba. Wannan baiwa ce. Amma baiwa, ya 'yan uwa, kamar wuƙa take, ba ta tambayar hannun wa za ta yanka.

A farkon shekarar 2011 aka shirya ƙuri'ar raba gardama a Sudan ta Kudu, a tambayi mutanen yankin ko su ɓalle su kafa ƙasarsu ko su zauna. Mutanenmu suka yi ta muhawara. Wasu suka ce yaƙi zai hana ƙuri'ar, wasu suka ce ko an yi ba za a karɓi sakamakon ba. Shi kuwa ya ɗauki 'yan Sudan ɗin da dama zuwa Alexandria, nan kusa da Washington, inda aka buɗe musu wurin jefa ƙuri'a. Ya ga yadda suke tsaye cikin sanyi suna waƙa. Sai ya ce, "Za a yi, za su ɓalle, kuma kusan casa'in da tara cikin ɗari, in sha Allahu."

Haka kuwa aka yi.

Ku riƙe ƙarshen maganar nan tasa. A lokacin yana cewa in sha Allahu.

Daga ranar ya zama abin nunawa. Ya faɗi wanda zai ci wani zaɓe, aka ci. Ya faɗi wani, aka sake ci. Duk inda ya shiga, kalmar farko a bakinsa ita ce "ai na faɗa", har aka laƙaba masa Malam Na-faɗa, yana amsawa da murmushi. Waɗanda ya kuskure kuwa ba ya tuna su, mu ma da muke jin daɗin hirarsa ba mu tuna masa ba. A nan muna da namu kason na laifi.

Sannu a hankali in sha Allahu ta faɗi daga bakinsa, kamar maɓallin da ya cire daga riga mai ita bai lura ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Da ya kuskure tun karon farko, da an yi masa dariya kwana biyu ya koma gidansa lafiya. Dacewar ce ta cuce shi. Shin ba ku ga yadda akan sassauta wa akuya igiya ba, ta ɗauka an sake ta ne?

A watan Satumba na 2014 aka zo kan wata ƙuri'ar, ta mutanen Scotland, ko su fita daga Birtaniya ko su zauna. Ina ruwan direban tasi na Laurel da Scotland? Ba shi da ɗan uwa a can, bai taɓa taka ƙasar ba. Amma sunansa Na-faɗa, dole ya faɗa.

Ran Lahadi, saura kwana goma sha ɗaya a jefa ƙuri'ar, aka yi suna a Greenbelt, a gidan wani dattijo, Alhaji Dabo, wanda aka haifa wa jika. Bayan la'asar maza suna falo ana shan shayi, mata suna ciki. A ranar ne labari ya fito cewa a wani binciken jin ra'ayin jama'a masu son ɓallewa sun ɗan wuce gaba. Mutuminmu ya shigo da labarin kamar shi ya haife shi.

Ya ce, "Magana ta ƙare. Ba a taɓa buɗe wa tsuntsu keji ya ce a bar shi ciki ba. Duk al'ummar da aka tambaya ko tana son ƙasarta, e take cewa."

Akwai wani Katung a wurin, mutumin kudancin Kaduna, Kirista, mai aikin gadi a Alexandria, tsohon abokin mai gidan kuma abokin tsokanar mutuminmu. Ya yi dariya ya ce, "Oga Na-faɗa, wannan karon ka faɗa rami. Turawan nan sai sun duba fanshonsu kafin su duba tuta."

Aka yi dariya. Alhaji Dabo ya ce, "Ko ma dai mene ne, ɗana, ka ce in sha Allahu."

Ya ce, "Baba Alhaji, ai wannan lissafi ne. In sha Allahu ta mai shakka ce."

Katung, don ya mai da abin wasa, ya ce, "To tunda ka tabbata, mu sa wani abu mana. In sun zauna, ka saya mini tsire."

Ku ji abin mamaki, ya 'yan uwa. Mutumin nan ya ɗaure fuska ya ce, "Ni Musulmi ne, ba na caca. Haramun ce."

Gaskiya ya faɗa. Da ya tsaya nan, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Katung ya ce, "Ka ji shi! Baki dai, babu abin ajiyewa."

Wani ya yi dariya daga bayan ɗaki. Dariyar nan ce ta shige shi. Ya ajiye kofin shayi, ya miƙe tsaye, ya ce, "Ku zama shaida. In Scotland ba ta ɓalle ba, matata ta saku, saki uku."

Katung ne ya fara tashi. Ya ce, "Kai, kai, kai! Janye, don Allah janye! Wasa nake yi, me ya kawo madam cikin maganar tsire?"

Alhaji Dabo ya yi salati. Idonsa yana kan ƙofa. Rumasa'u ce tsaye a wurin da farantin waina a hannu. Ta ƙaraso, ta durƙusa ta ajiye farantin a gaban dattijon, ta gaishe shi, ta koma ciki.

Ku dubi wannan al'amari da kyau. Ya ƙi ajiye tsinken tsire saboda tsoron Allah, ya ajiye auren shekara goma sha huɗu saboda tsoron dariya. Ya san sunan haramun, bai san kamanninta ba. Da ta zo masa da sunan caca ya gane ta ya kore ta. Da ta sake riga ta dawo da sunan rantsuwa, sai ya tashi tsaye ya tarbe ta.

A mota suna komawa gida, yara na baya, da suka kusa Laurel sai Rumasa'u ta juyo gare shi. Ta ce, "Baban Sadiyya, ni ce abin da ya fi araha a gidanka?"

Ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. Na san abin da nake faɗa."

Daga ranar ta kwashe kayanta ta koma ɗakin 'yarta.

Alhaji Dabo ya kira shi washegari, ya ce ya je wurin liman tun kafin ranar ta zo, a ga ko akwai abin yi. Ya ƙi. Ya ce in ya je, mutane za su ce ya fara shakka. Kun ji? Gidansa na ci da wuta, shi kuma yana gyara zaman hularsa.

Kwanakin nan goma sha ɗaya bai san daɗin abinci ba. Duk fasinjan da ya ɗauko daga filin jirgi, in ya ji harshensa irin na Birtaniya ne, sai ya hau shi da tambaya. Mutumin da ya ce in sha Allahu ta mai shakka ce, sai ga shi a sujada yana roƙon Allah ya raba wata ƙasa da bai taɓa gani ba. Bai roƙi gafarar abin da ya faɗa ba. Roƙonsa shi ne maganarsa ta fito daidai.

Ran Alhamis aka jefa ƙuri'a. Da safiyar Juma'a, yana kan titin Beltway cikin cunkoso, rediyo ta faɗi sakamako. Hamsin da biyar cikin ɗari sun ce a zauna.

An buɗe wa tsuntsu keji, ya ce a bar shi ciki.

Bayan an sauko daga Juma'a ya tsaya gaban liman, wani dattijo mutumin Damagaram, a wurin da ya ƙi zuwa tun da fari. Liman ya sa ya maimaita lafazin kamar yadda ya faɗe shi. Ya tambaye shi ko an tilasta shi, ya ce a'a. Ko hankalinsa ya gushe, ya ce a'a, wasa ne dai ya yi zafi. Liman ya ce, "Saki ba ya da wasa, ɗana. A karatun da muka yi, ya auku. Cikin malamanmu ma akwai masu cewa wanda ya rataya aurensa a kan abin da Allah kaɗai ya sani, ba a jira a ga yadda za ta kaya. Tun a falon Alhaji ka rabu da ita."

Bai haƙura ba. Ya shiga buga waya, Kano, Yamai, Zariya, yana neman bakin da zai faɗi abin da yake so. Ya kuwa samu. Wani malami ya ce masa in nufinsa ƙarfafa magana ne, ba rabuwa ba, to rantsuwa ce, ya yi kaffara ya ci gaba da zama da iyalinsa. Ni ba mai ba da fatawa ba ne. Malamai sun saɓa a kan wannan tun kafin a haifi kakanninmu, kowane ɓangare da hujjarsa, kuma ba shi na zo warwarewa ba.

Ya tafi da gudu ya sami Rumasa'u tana shirin fita aiki. Ya ce, "Maman Sadiyya, an samu mafita! Malam ya ce auren yana nan, miskinai goma kawai zan ciyar."

Ta gama ɗaura ɗankwalinta, sannan ta juyo. Ta ce, "To na ji kuɗina, abincin mutum goma. Bari in tambaye ka. Da mutanen nan sun ɓalle, da me za ka ce mini ran Juma'ar nan?"

Ba ta jira amsarsa ba.

Ta ce, "Ni na sani. Da ka shigo kana dariya ka ce, ai na faɗa. Gobe kuma in wata ƙasar ta tashi ƙuri'a, ka sake ɗora ni a faranti. Ni maganar limaminmu na bi. Ko da duk malaman duniya sun ce auren yana nan, ba zan zauna ina sauraren rediyo don in san ko ni matar aure ce ba."

Ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

An kai ruwa rana. Dattawa sun zauna, Katung da kansa ya je da matarsa Dorkas suka ba ta haƙuri, yana cewa bakinsa ne ya jawo. Ta ce masa, "Kai tsire ka nema. Shi ya kawo mace." Har wani mara tsoron Allah ya kawo shawarar auren kashe wuta, a samo wanda zai aure ta ya sake ta don ta halatta ga na farko. Ta ce an ajiye ta sau ɗaya, ba za a kuma ba da aronta ba.

Ta gama idda, aka gama takardun kotu, shi kuma ya koma wani ɗaki a ƙarƙashin gidan wasu mutane. Yana ganin 'ya'yansa ran Asabar. An ce Sadiyya ta taɓa tambayarsa da Turanci, me mutanen Scotland suka yi wa gidansu. Mutumin da ke da amsar kowace tambaya a duniya bai sami ta wannan ba.

Har yau yana tuƙi. Rediyon motarsa a kashe take. In fasinja ya tambaye shi ko za su isa filin jirgi a kan lokaci, sai ya ce in sha Allahu. Kalmar ta dawo bakinsa, amma ta tarar da gidan babu kowa.

Ya 'yan uwa, kada wani ya tashi daga nan yana cewa laifin mutumin nan shi ne ya yi kuskuren hasashe. Hasashe ba zunubi ba ne. Manomi yana duban gajimare, likita yana duban majinyaci, ɗan kasuwa yana duban farashi, kowa yana cewa ina zato. Zunubin shi ne ka ɗauki zato ka tsayar da shi a matsayin sani, ka ji kunyar jingina gobe ga Mai gobe. Zunubin ya cika tun ran Lahadi, kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya. Da ya dace ma, da mai laifi ne, sai dai mai laifin da ake tafa wa, kuma wannan ya fi hatsari, don shi ba ya neman tuba.

Kuma ku daina sa matanku a bakin rantsuwa. Amana aka ba ku, da shaidu da addu'a, ba abin kashe gardama ba. In an ƙure ka a muhawara, ka ce ban sani ba. In an yi maka dariya, ka bari a yi, ba a taɓa kai wanda dariya ta kashe maƙabarta ba. Ni dai na ɗaura niyya, duk majalisar da na ji wani ya fara cewa "in ba haka ba matata", zan katse shi kafin ya ƙarasa, ko zai daina gaishe ni. Ku ma ku ɗaura wannan niyyar.

Ya Allah, kai kaɗai ka san abin da gobe ta ƙunsa. Ka tsare mana harsunanmu ranar da muka dace, fiye da ranar da muka kuskure. Ka shiryi ɗan uwan nan namu, ka ba baiwarka Rumasa'u da 'ya'yanta mafita ta alheri. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye gidajenmu daga bakunanmu. Amin.