Makullin da Patricia Ta Sa wa Hulda a Waya

Akwai wata mata a Kafanchan, sunanta Hulda, mai sayar da kunun zaƙi kusa da tsohuwar tashar jirgi. Da kunun nan take ciyar da 'ya'yanta uku.

Wata rana aka gwada jininta a asibiti, aka ce tana da ciwon hanta, irin na B. Mijinta kaɗai ta gaya wa. Ta san halin gari: in maganar ta fita, ba mai ƙara shan kununta.

Amma tambayoyi sun cika mata ciki. Yaran za su ɗauka? Za ta rayu?

Tana da ƙawa, Patricia, tare suka taso a Madakiya, tare suke waƙa a Zumuntar Mata ta coci. Patricia ce ta buɗe wani rukunin mata a Fesbuk, inda ake rubuta damuwa ba tare da suna ya fito ba.

Hulda ta ce mata, "Ina da abin tambaya, amma ina tsoro a gane ni."

Patricia ta karɓi wayar, ta sa mata VPN. "Kin ga ɗan makullin nan a sama? In ya fito, ko masu layi ba su san inda kika shiga ba."

"Har ke?"

"Haba 'yar'uwa! Har ni."

Hulda ta yarda. Ta zauna ta rubuta komai, har kukan da take yi a bayan tukunya.

Abin da ba ta sani ba, makullin hanya kawai yake rufewa. Da sunanta ta shiga rukunin, kuma mai rukuni tana ganin sunan duk wadda ta ɓoye.

Ranar Alhamis a Zumunta, da aka zo karɓar buƙatun addu'a, Patricia ta miƙe, ta gyara ɗankwali.

"Mu tuna da wata 'yar'uwarmu, ciwon hanta ya kama ta. Ba zan kama suna ba. Mai shayar da mu ce dai."

Kawuna suka juya wajen Hulda ɗaya bayan ɗaya. Ta sunkuyar da nata. Ba ta iya cewa amin ba.

Washegari kunun ya kwana. Ranar Asabar ma haka. Masu acaɓa da ke tsayawa kullum suka koma ɗaga hannu daga nesa. Ranar Litinin ta zubar da bokiti biyu da suka yi tsami.

Alhamis ta gaba, Mama Beatrice, tsohuwar nas, ta sa Hulda ta kawo kunu coci. Ta ɗebi kofi, ta shanye a gaban kowa.

"Shekara talatin na yi a asibiti. Wannan ciwo ba ya bin kunu. Amma Patricia, ni ma na karanta rubutun nan, ban ga suna ba. Ke ina kika gani?"

Matan da suka taɓa rubutu a rukunin suka fara kallon juna. Kafin a tashi, ana ta danna waya, ana fita daga rukunin.

Masu saye sun dawo, amma a hankali, kuma ba duka ba.

Bayan kwana biyu Patricia ta zo tasha. "Hulda, addu'a kawai na so a yi miki."

Hulda ba ta daina juya kunu ba. "Na tambaye ki, har ke? Kika ce har ke. Na yafe, domin ni ma an yafe mini. Amma Allah ya ji ni tun ranar da na rubuta. Bai roƙe ki ki nuna masa ni ba."

Ta miƙa mata wayar. "Cire mini makullinki."

Darasi: VPN yana rufe hanyar da kika bi, ba ya rufe bakin wadda kika tarar a ciki. Kafin ki rubuta sirrinki, ki san wa ke ganin sunanki. Wanda kuma aka ba amana, kada ya naɗe gulma a cikin addu'a. Ku tura wa 'yan'uwa mata, ko wata ta tsira.