Bututun da Ba Shi da Wutsiya

Dalilin da ya sa bututun ruwan Tudun Gawasa yake zagaye gari ya koma inda ya fito, yara, ya samo asali ne daga Jatau, shugaban majema, wato masu jimar fata.

Shekarar da aka gina tankin ruwa a kan tudu, dattawa suka yanke cewa bututu zai bi unguwanni bisa girmansu, kamar yadda ake zama a fada. Ya fara da Unguwar Liman, ya shiga Maƙera, ya ratsa Masaƙa, ya ƙare a Majema. Bututu ɗaya ne tal. Kafin ruwa ya isa Majema ya zama ɗigo, alhali jima ba ta yiwuwa sai da ruwa mai yawa.

Rannan wata motar itace ta taka bututun a Maƙera, ya fashe. Kwana goma sha bakwai Majema ba ruwa. Fatu ɗari biyu da sittin suka ruɓe, gidaje huɗu suka ɗaure kaya za su bar gari. Jatau ya roƙe su su ba shi wata biyu, sannan ya tafi gaban dattawa.

Barau, mai unguwar Liman, ya toshe hanci yana dariya, ya ce, "Haba Jatau, kowane layi da na ƙarshensa. Ko so kake ruwan alwala ya fara gaishe da fatunka?"

Jatau ya tashi. Ya fita ta bayan Majema, ya bi gefen gonaki yana ƙirga taku har gindin tanki. Taku dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Ya sake ƙirgawa a dawowa, bai samu bambanci ba. Ashe su na ƙarshe sun fi Masaƙa kusa da tanki, ta baya.

Ya kai wa Injiniya Saude, wadda ke kula da aikin ruwan, wannan lissafi. Ta zana a ƙasa, ta ce, "Baba, in aka haɗe wutsiya da kai, ruwa zai zo wa kowa ta fuska biyu. A sa makullin ruwa a bakin kowace unguwa. Inda ya fashe a rufe nan kaɗai. Amma hanyar marmara ce zalla."

Dattawa suka ji. Barau ya ce, "To, in ya zama zobe, wa ke gaba?"

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ka riƙe gaban. Mu dai a raba mu da baya."

Aka yarda, bisa sharaɗin majema su haƙa ramin da hannunsu. Suka ɗauki diga da shebur. Wata rana taku talatin suke ci, wata rana goma sha biyu. Hannun Jatau ya tsage, ya naɗe shi da ƙyalle ya ci gaba. A kwana na hamsin da uku aka haɗe bututu, famfunan Majema suka kawo da ƙarfi, gidajen nan huɗu suka kwance kaya.

Da damina ta faɗi, ambaliya ta tsinke tsohon bututu a bakin Unguwar Liman, ran Juma'a da hantsi. Saude ta rufe makulli biyu. Barau ya buɗe famfon masallaci ba tare da sa rai ba, sai ga ruwa. Ya tambaya, "Wannan daga ina?"

Jatau, da ke tsugune yana wanke ƙafa, ya ce, "Ta Majema ya biyo, ranka ya daɗe. Ya gaishe da fatu. A zubar ne?"

Barau ya naɗe hannun riga, ya yi alwala.

Shi ya sa har yau, in kun bi bututun Tudun Gawasa don ku ga ƙarshensa, ƙafarku za ta mayar da ku gindin tanki.