Marainiyar Giwa da Baƙinta Uku

Ku matso, ku gyara zama, ga wata na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa. Kai Barau, kife wayar nan tukuna, ba guduwa za ta yi ba. Kun dai san shekara talatin na yi ina gadin daji kafin gwiwa ta ce ta gaji, to ko ni wannan magana ta fi ƙarfina.

'Ya'yan unguwarmu ne su uku, Saude da Ilu da Azumi. Tare suka yi karatun gandun daji a Bauci, tare kuma suka tafi ƙasar Kenya aikin sa-kai na shekara guda, a wani gida da ake renon 'ya'yan giwa waɗanda suka rasa iyaye. Abinci da wurin kwana kawai ake ba su, su kuma su yi aiki suna koyon Swahili, yaren mutanen wurin. Shugaban masu renon wani dattijo ne mai suna Mwakio.

Saude uwar surutu ce tun tana ƙarama. Wata uku da zuwansu ta riga ta zama 'yar gida a ƙauyen da ke gefen dajin. Kullum in ta tashi aiki tana gidan wata tsohuwa, Wakesho, tana taya ta surfen masara, tana kwaɓa yaren, mata suna sheƙa mata dariya, ita ma tana taya su. Wata safiya ta je rafi, sai matan suka yi tsit. Ɗaya ta raɗa wa 'yar'uwarta cewa abin nan yana cikin rijiyar har yanzu, tana zaton baƙuwa ba za ta gane ba. Ashe 'yar giwa ce ta faɗa rijiyar shanu tun jiya, garken ya yi ta ƙoƙarin ciro ta ya kasa, ya wuce. Ƙauyen kuma ya haɗa baki ba za a faɗa wa hukuma ba, don giwayen nan ne suka cinye musu gonaki, ga tsoron kada a ce su suka jefa ta.

Rijiyoyin nan sun fi ashirin a warwatse cikin jeji, in ba ɗan gari ya nuna maka ba sai ka kwana uku kana nema. Saude ba ta ruga ta kai ƙara ba. Gidan Wakesho ta koma, ta durƙusa ta roƙe ta ta nuna mata rijiyar.

Tsohuwar ta ce, "Sun cinye min abincin shekara, ke kuma kin zo roƙo na a kan 'yarsu?"

Da Swahilinta mai ɗingishi Saude ta ba ta labarin shekarar da giwaye suka tattake dawar babanta, yadda suka yi damina da rani suna cin tuwo sau ɗaya a yini. Ta ce, "Mama, na san zafin. Amma wannan ko haƙori ba ta da shi, ba ta ci masarar kowa ba." Wakesho ta daɗe tana kallon ta, sannan ta jawo sandarta ta shige gaba. Mutanen ƙauyen sun yi sati biyu ba sa amsa gaisuwar Saude, abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har kuka ta yi.

Ilu kuwa ɗan masu haƙar rijiya ne, kaka da kakanni, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da Saude ta kira ma'aikatan gidan renon suka iso, sai suka ɗaura igiya a mota za su ja. Ilu ya leƙa, ya murza ƙasar bakin rijiyar a hannu, ya ga rairayi ce zalla, ana ja za ta rufta ta binne 'yar giwar da ranta. Yarensa bai kai ya yi wannan bayani ba, kalma ɗaya ya iya maimaitawa, wato a'a. Da ya ga direba bai kula ba, sai bawan Allah ya je ya zauna dirshan a gaban tayar motar. Mwakio ya dube shi, ya ce a kashe mota.

Ya ɗauki shebur ya fara haƙa daga nesa, yana yin gangara zuwa gindin rijiyar, yana tokare gefe da itace yadda babansa ke yi. Sauran suka gane, suka kama masa. Da ya ga 'yar giwar ta gaji hancinta yana nutsewa cikin taɓo, sai ya sauka da kansa ya ɗora hancin a kafaɗarsa. Tun azahar yake tsaye a ciki har la'asar. Wajen fitowa ta taka masa ƙafa, ƙashi ya karye. Kada ka yi murmushi, Barau, jaririyar giwa ta fi ka nauyi kai da babur ɗinka. Har yau Ilu yana ɗan jan ƙafar.

Aka kai ta gida, aka sa mata suna Kisima, wato rijiya da yarensu. Sai ta ƙi shan madara. Kwana uku ana fama, ta juya wa kowa baya, ta kafa kai a bango, kumatunta suka faɗa. Ni na sani, baƙin ciki yana kashe ɗan giwa kamar yadda yake kashe mutum.

Nan Azumi ta shigo. Ita Allah bai buɗa mata harshe ba, wata shida ba ta wuce gaisuwa ba, har wasu suna cewa girman kai ne, alhali kunya ce ke cin ta. Amma a hannun kakarta ta tashi, mai renon marayun maruƙa. Azumi ta koma bakin rijiyar, ta kwaso kashin garken da ya bushe, ta jiƙa shi ta shafe mayafinta da shi, don Kisima ta ji warin danginta. Ta dawo ta rataya bargo a kan igiya daidai tsayin cikin giwa, ta ɓuya a bayansa da kwalbar madara, tana gunjin da kakarta ke yi wa maruƙa. Yini guda tana tsugune. Dab da magariba Kisima ta tako, ta ɗora hanci a kan bargon, ta laluba, ta kama. Mwakio, dattijo da furfurarsa, ya juya baya yana share ido.

To, sabo turken wawa. Kisima ta ƙi karɓar madara a hannun kowa sai Azumi, in ta shiga banɗaki ma tana tsaye a ƙofa. Mwakio ya sa Saude ta fassara mata cewa a gidan nan ba a barin maraya ya maƙale wa mutum ɗaya, don ranar da mutumin ya tafi, marayan mutuwa yake yi. Azumi ta ɗauki almakashi ta yanka mayafin nan gida shida, ta raba wa masu reno, kowa ya ɗaura a wuyan hannu. Ita da ba ta magana, ta zauna ta haddace kalmomin da za ta koya musu riƙon kwalba da tsayuwa bayan bargo. Sannan ta koma ɗakin ajiya ta rufe kanta, kwana tara tana jin Kisima tana kuka tana neman ta, ta toshe baki da hannu ba ta amsa ba. A rana ta goma Kisima, da ake ta ɗura wa madara da ƙyar, ta sha da kanta a hannun wani.

Shekara ta cika. Kisima tana bukatar kamar shekara takwas kafin ta koma daji, takardar zama kuwa ta mutum ɗaya aka samu. Duk su ukun suna son zama, so ba na wasa ba.

In Saude ta zauna, ƙauyen da ya dawo yana jin maganarta zai saba da Kisima, ranar da aka sake ta ba za ta gamu da mashi ba. In Ilu ne, shi take bi cikin jeji yanzu, shi ke nuna mata inda ake tono ruwa a busasshen rafi, abin da uwarta ce ya kamata ta koya mata. Azumi kuwa, har gobe in zazzaɓi ya kama Kisima ba ta lafawa sai ta ji muryarta, sai dai Mwakio yana tsoron in ta zauna, giwar ba za ta taɓa yarda ta bar mutane ba.

Dattijon ya rasa yadda zai yi, ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya tambayi kowa wa ya kamata. Saude ta ce Azumi. Azumi ta ce Ilu, da Swahili kuma ta faɗa, ba tafinta. Ilu ya sunkuyar da kai ya ce Saude. Kowa ya fito idonsa jawur, ba wanda ya ambaci kansa.

Shi ne suka bugo min waya wai in raba musu gardama, ni da aka yi sunan kowannensu a gabana. Jirginsu ranar Laraba zai tashi, biyu za su hau, ɗaya zai koma wurin Kisima. To, jama'a, ku gaya min, wanne a cikinsu ya fi cancanta ya zauna da ita?