Linzamin Jar Fata

Akwai wani mutum a Kekun Waje, cikin ƙasar Bungudu, ana ce masa Kamilu. Manomi ne, yana kuma da motar hatsi da ke jigila tsakanin Bungudu da Gusau. Rufin asiri kam Allah ya ba shi. Abin da ya rasa shi ne cikin da zai haɗiye wasa.

Yana da taubashi a Furfuri mai suna Dalhatu, ɗan gwaggonsa. Kun dai san halin taubasai, ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Su biyun kuma mayun doki ne tun suna samari.

Wata shekara, wajen kilisar bikin wani abokinsu, doki ya kwashe Kamilu ya maka da ƙasa a tsakiyar jama'a. Ya tashi yana kakkaɓe riga ke nan, sai Dalhatu ya ɗaga murya daga kan nasa dokin.

"Haba ɗan kawu! Ai an hwaɗa maka linzami ya fi ƙarfin bakin kaza!"

Wuri ya kaure da dariya. Kafin a watse, suna ya bi Kamilu: Bakin Kaza. Har yaran mota a tashar Gusau sai da suka ɗauka.

Dalhatu ko gida bai kai ba ya manta da maganar. Shi kuwa gogan naku ya ƙulle ta a zuciya tamau. Ya daina gaishe shi, ya daina zuwa Furfuri, in suka haɗu wajen suna ko jana'iza sai ya kau da kai kamar ya ga kashi. Dalhatu ya aika da ban haƙuri, ya zo da kansa, dangi suka sa baki. Ina! Kamilu ya riga ya hau dokin naƙi.

Ana nan, Dalhatu ya raini wani akawal, wato baƙin doki, tun yana ɗan duƙushi. Ya sa masa suna Hadari. Duk sukuwar da masu dawaki suke haɗawa bayan kaka a wani fili kusa da Bungudu, Hadari ne a gaba. Kamilu yakan tsaya can gefe yana kallo. Yana ƙin mai dokin, amma wallahi yana son dokin kamar ya mutu.

Sai ya yi wa kansa rantsuwa: sai ya mallaki Hadari, sai ya hau shi a wannan fili, a gaban mutanen da suka yi masa dariya, ya ci sukuwa Dalhatu yana tsaye a ƙasa yana kallo.

Da rashin kwanciyar hankali ya hana noma gonakin daji, Dalhatu ya shiga matsi. Ba dawa, ba harawa, ga iyali. Doki kuwa ba ya cin haƙuri. Dole ya ja Hadari ya kai wa wani dillalin dabbobi a Tsafe, ya roƙe shi ya sayar wa na nesa, don kada ya riƙa ganinsa ƙarƙashin wani.

Labari ya iske Kamilu. Ya tura direbansa Idris ya saye dokin da sunan wani Alhaji na Gusau.

To, masu dabba suna da al'ada: in ka sayar da dabba, ba ka bayar da igiyarta. Mai saye ya zo da tasa. Suna cewa arzikin turke a jikin igiya yake. Don haka Dalhatu ya kwance ragamarsa daga kan Hadari, ya bar wa dillali saƙo game da bakin dokin, ya juya gida yana share ido. Dillali kuwa da ya ga ciniki ya faɗa, sai ya haɗiye saƙon, kada a ce dokin yana da aibi.

Ba a jima ba magana ta fito: Hadari yana ɗaure a turken Kamilu.

Mutanen Furfuri suka ce wa Dalhatu, "Don shi tozarta ka yay yi." Ya shiga ɗaki ya ɗauko linzamin Hadari, ya nufi Kekun Waje.

Ya iske Kamilu a ƙofar gida bayan la'asar, kewaye da mutane, an fito da doki ana kallo. Ya yi sallama. Kowa ya amsa ban da mai gidan.

"Ɗan kawu, na ji kai kas sai Hadari. Allah shi sa albarka. Ga linzaminai na kawo maka, don wanga doki..."

"Wa yat tambaye ka?" in ji Kamilu.

"Ka bari in ƙare magana. Bakinai..."

Kun san mutanenmu na Zamfara, in za su ce bakinsa sai su ce bakinai. Bakin doki Dalhatu yake nufi. Amma kunnen da ya yi shekaru yana jiran zagi, baki kawai ya ji. Kamilu ya miƙe zumbur.

"Bakinai ko bakina? Bakin kazar kaz zo ka tuna mani, har ƙohwar gidana?"

"Subhanallahi! Doki nika nuhi!"

Kamilu ya fizge linzamin daga hannunsa. Da ya duba, sai ya ga ƙarfen da ke shiga baki an naɗe shi da jar fata, an ɗinke tsaf kamar laya. Nan take idonsa ya yi ja. Ya ɗaga shi sama.

"Jama'a ku gani! Tun da kuke, kun taɓa ganin wanda yas sai da dabba ya biyo ta da igiya? Ko ragama mutum ba shi bari, wanga ko linzami sukutum, har gida! Mi aƙ ƙunshe cikin hwatag ga? So kake doki shi kashe ni?"

Wasu suka fara gyaɗa kai. Gaskiya abin ya saɓa wa al'ada, kuma ɗinkin ya yi kama da na laya.

Akwai wuta tana ci a juji gefen hanya. Kamilu ya wurga linzamin a ciki, ya ce a fitar masa da mutumin nan daga ƙofar gida. Samari suka riƙa tura Dalhatu, shi kuma yana waiwaye yana ɗaga murya.

"Ka buɗe bakin dokin ka duba halshenai! Don Allah ka duba! Shi kaɗai na roƙe ka!"

"In duba don kai kac ce? Allah shi kiyaye!"

Bari in gaya muku abin da ke cikin fatar nan. Ba komai. Fata ce kawai ta akuya, mai laushi. Tun Hadari yana ƙarami ya lashi wani gwangwani mai kaifi, harshensa ya tsage kusan rabi. Dalhatu ya yi jinyarsa har ya warke, amma wurin bai ƙara ƙwari ba. Shi ya sa ya nemi linzami mara nauyi ya naɗe masa da fata. Dokin ma ba ja yake buƙata ba, da ka kwantar masa da kamazuru, wato igiyar linzami, a wuya ya san inda kake so.

Washegari Kamilu ya tafi maƙera a Gusau, ya zaɓo linzami mai tsinin ƙarfe a tsakiya da zobe mai kama haɓa, irin wanda ake sa wa doki mai taurin kai.

"Ni zan koya mai ya san ya canza ubangida," in ji shi.

Ranar farko da ya danna masa ƙarfen, Hadari ya ja da baya har ya kusa tuge turke. Da ya hau, dokin ya riƙa kaɗa kai yana tafiya a karkace. Kamilu ya ce asirin Dalhatu ne bai sake shi ba. Ya ƙara da ƙaimi, ya ƙara da bulala.

Matarsa Saude ita ke jiƙa wa dokin dusa. Ta ga kullum sai ya bar rabi. Ta ga kumfar bakinsa ta koma ja-ja.

"Malam," ta ce, "dokin ga ba shi cin abinci, kuma jini nika gani. Mi za ka rasa in ka duba abin da Dalhatu yac ce?"

"Ke ma ya saye ki?"

"Ni ba wanda yas saye ni. Dabba ta ba ni tausai."

"To ki tsaya ga tukunyarki!"

Amma maganar ta tsaya masa. Da safe ya je turke shi kaɗai. Hadari yana tsaye, kai a ƙasa, ya rame. Kamilu ya shafa wuyansa, tausayi ya kama shi, har ya kai hannu ya kama leɓen dokin zai buɗe. Sai muryar Dalhatu ta faɗo masa a kunne: ka duba halshenai. Ya tuna cewa in ya duba ya ga wani abu, to Dalhatu ya yi gaskiya ke nan.

Ya janye hannunsa, ya goge a riga, ya koma cikin gida.

Kai jama'a! Wannan wuri shi ya fi ƙona mini rai a duk labarin. Mutum ya gwammace kada ya sani, don dai kada wanda yake ƙi ya zama mai gaskiya.

Ranar sukuwa fili ya cika. Mutanen Furfuri sun zo, na Kekun Waje sun zo, har da na Wonaka. Kamilu yana ɗaure sirdi, sai ga Dalhatu ya ratso mutane a ƙasa. Hadari na jin ƙanshinsa ya yi haniniya. Dalhatu ya dubi ƙarfen da ke bakin dokin.

"Kamilu, ka zage ni, ka tsine mani, na yarda. Amma ka cire ƙarhen ga. Hau shi da ragama kaɗai, wallahi za ya kai ka gaba ga kowa."

"Ka ji makiri! In hau ba linzami in hwaɗi, ka samu abin dariya na biyu?"

"Ba dariya ta kawo ni ba."

"Kauce ko in bi ta kanka!"

Ya sa ƙafa a likkafa ya haye, ya zaburi doki, sai da Dalhatu ya yi tsalle gefe.

Aka jera, aka saki dawaki. Duk da ramar da ya yi, Hadari ya fita kamar kibiya. Kafin a kai rabin fili ya bar saura a baya. Kamilu ya ji ihun mutane, ya ji ana kiran sunansa na gaskiya, daɗi ya cika shi har wuya.

A ƙarshen filin akwai wata tsamiya da ake kewayawa a dawo. Hadari ya san ta sarai, da an bar shi da kansa zai juya. Amma Kamilu yana so a ga cewa shi ke juya doki. Ya tattara kamazuru ya fizga da dukan ƙarfinsa.

Ƙarar da dokin nan ya yi, waɗanda suka ji ta ba su so su ƙara jin irinta. Ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya dire, ya yanki gonaki a makance, jini na zuba a ƙirjinsa. Kamilu yana ja, yana ƙara yanka shi, shi kuma yana ƙara gudu. Gabansu kwazazzabo ne da ruwan damina ya haƙa.

Suka afka ciki.

Kamilu ya faɗi kan yashi, kafaɗa kawai ta goce. Da ya ɗago kai, sai ya ga Hadari kwance, ƙafafunsa na gaba duka sun karye.

Dalhatu ne ya fara isowa. Ko kallon Kamilu bai yi ba. Ya gangara ya durƙusa yana kiran sunan dokin. Hadari ya yunƙura zai tashi, ya koma. Dalhatu ya kwance linzamin a hankali, ya buɗe bakin. Harshen ya rabu daidai tsohon tabon, ɗan tsoka kaɗan ke riƙe da shi.

Mutane suka cika bakin kwazazzabo. Wani dattijo ya ce a nemo wuƙa a hutar da dabba, barinsa haka zalunci ne.

Kamilu ya rarrafo, riƙe da kafaɗa, hawaye na zuba. Dokin da ya yi shekaru yana mafarkin mallaka, ga shi ya kashe shi da hannunsa.

"Dalhatu... ban sani ba."

"Ka sani. Gaban mutane na hwaɗa maka."

"Ka gahwarta mani, ɗan gwaggo."

Dalhatu ya ɗora kan Hadari a cinyarsa, ya rufe masa ido da tafin hannu. Sannan ya ɗago ya dubi taubashinsa.

"Shekara da shekaru kai kaɗai kaka gabarka, ni wasa na ɗauka. Ka so abokin gaba, to yau ka samu. Tashi ka ba ni wuri in yi bankwana da dokina."

Kamilu ya miƙe da ƙyar. Ya ja jiki gefe, aka miƙo wuƙa.

Darasi: Gaskiya ba ta lalacewa don ta fito daga bakin wanda ba ka so. In an gaya maka magana, duba maganar kafin ka dubi mai faɗa. Wanda ya rufe kunne don ƙiyayya, abin da ya fi so shi zai fara halakawa, kuma mai haƙuri da kai ma yana da ranar da zai gaji. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman wanda kuka san ya riƙe ɗan'uwansa a zuciya kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba.