Ranar da Tsawa Ta Sauka Daga Kan Bulo

Ku gyara zama. Kai Nafi'u, sa wayar nan a aljihu, shayin ma ya jira. Abin da zan ba ku a unguwarmu ya faru, kuma in na kai ƙarshe aiki zai dawo kanku.

A garin Bichi an yi wani direba, Malam Barau. Yana saurayi ya yi wa wani Ba'amurke mai haƙa rijiyoyin burtsatse tuƙi, da mutumin ya tashi komawa ƙasarsu sai ya bar masa motarsa. Mota ce ƙirar Amurka irin ta da, baƙa wuluk, mai ƙofa biyu da doguwar gaba, injinta mai silinda takwas. In aka tashe ta, tantabaru sai su watse daga kan soro. Shi ya sa mutanen gari suka sa mata suna Tsawa.

Shekaru suka ja, ramukan hanya suka cinye mata ƙafafun gaba. Wata rana a hanyar kasuwa ta yi ƙara ta durƙusa. Aka jawo ta gida, aka ɗora gabanta a kan bulo cikin rumfa, don kayan gyaranta sun daɗe da ɓacewa a kasuwa. Duk da haka kowace Juma'a Malam Barau sai ya tashi injin, ya ɗan saurara, ya kashe.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Likita ya ce zai iya miƙewa in ya daure da motsa jiki, amma Malam Barau ya ƙi. Ya juya fuska bango, kunu ma sai da lallashi, ya rame har zobe ya zame daga yatsansa.

'Ya'yansa uku ne. Babban shi ne Yahuza, direban tirela. Mai bi masa Ilu, mai walda da gyaran ƙafar mota a bakin tasha. Autarsu Lantana tana aure a Kano, tana aiki a wani kamfanin takalma, sashen haɗa roba. Suka taru a kansa, Yahuza ya ce, "Baba, don Allah ka taimake mu, ko zama ne ka gwada."

Tsohon bai juyo ba. Ya ce, "In tashi in je ina? Ni da waccan ta rumfa, an gama da mu."

Da suka fito tsakar gida Lantana ta share ido ta ce, "Yaya, kun ji abin da na ji? In motar nan ta tashi, shi ma zai tashi." Ilu dai ya wuce shagonsa ya ɗauko jak na ɗaga mota.

To, ga waɗanda ba su san mota ba: a ƙarƙashin gabanta akwai ƙarfe biyu, dama da hagu, kowanne mai baki biyu kamar gwafa. Kanikawa na ce musu lowa am, wato hannayen ƙasa. Su ke riƙe tayar gaba da jikin mota, kuma a kansu wani ƙaton sifirin, naɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle, ke zaune a matse, wanda in ya kuɓuce zai iya fasa kan mutum. Ilu ya ɗaure sifirin da sarƙa, ya riƙa sauke jak a hankali. Na dama ya fita lafiya. A na hagu jak ya zame, sifirin ya yi tsalle, sarƙa ta tare shi bai kai fuskar Ilu ba, amma ya karya masa yatsu biyu. Ya je aka ɗora, ya dawo ya shimfiɗa kayan a tabarma. Hannun hagu ya tsage ya lanƙwashe, amma zai gyaru. Na dama tsatsa ta cinye shi, ana taɓawa yana zuba. Bol joyin, dunƙulen ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, duka biyu sun mutu. Bushin kuwa, zoben robar da ke bakin kowane hannu, sun zama gari.

Yahuza ya naɗe ruɓaɓɓen hannun dama a buhu ya shiga duniya. Ya zagaye kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, ya je ta Panteka, ya sauka har Ikko, ko'ina sai a juya ƙarfen a yi dariya a miƙo masa. Maigidansa ya kira ya ce ko ya dawo bakin aiki ko a ba wani tirelar. Yahuza ya ce a ba wani. A wata tasha wani tsohon kwandasta ya ce ya taɓa ganin gawar mota irin wannan a wani ƙauye bayan Damagaram. Ya tsallaka iyaka, ya hau mota, ya hau amalanke, ya ƙarasa da ƙafa. Ya same ta a bayan gidan wata tsohuwa, ta karkata cikin ƙasa, kaji na ƙwai a kujerunta. Injinta ne ya mutu tun tana sabuwa, don haka ƙafafunta ba su sha hanya ba. Hannun hagu ya ruɓe a ƙasa, amma na dama lafiya lau, bol joyin duka biyu kuma giris ya tsare su. Tsohuwa ta ce ba ta sayarwa.

"In ka kwance mata ƙafa ta faɗi, ɗana, kajina su kwana ina?"

Yahuza ya tuɓe riga, ya kwaɓa ƙasa, ya gina mata akurki mai ƙofar langalanga, ya zauna har ya bushe kaji suka yarda da shi. Sannan ta ce ya ɗauka. Duk inda ya sauka yakan bugo waya gida, ana faɗa wa tsohon ko da bai tambaya ba. Wata safiya sai aka ji muryarsa daga bango: "Yau yaron nan ina ya kai?"

Da hannun dama ya iso, Ilu ya samu abin kwatance. Ya kafa shi a kan faifan ƙarfe, ya kafa na hagu kusa da shi kamar mutum da hotonsa a madubi, ya riƙa gasawa yana bugawa yana aunawa har suka zo daidai. Guduma ba ta riƙuwa da karyayyun yatsu, sai ya ɗaure ta a hannunsa da tsumma. Ya haƙe tsagar ya cike ta da walda kaɗan-kaɗan, yana barin ƙarfen ya huce don kada zafi ya murɗe shi, sannan ya lika faranti a ƙasan kowane hannu ya ƙara masa ƙarfi. Ya kankare tsatsa, ya shafa fenti, ya danna bol joyin a gurbinsa. Shagonsa na rufe duk wannan lokaci, masu kawo masa aiki suka koma wajen wasu. A tsakar gida yake aikin, daidai ƙofar ɗakin tsohon. Ran nan Malam Barau ya ce a jingina shi da matashi, a ɗage labule, wai bugun nan bai yi masa daidai a kunne ba.

Saura bushin, kuma babu su ko'ina, don roba ba ta jiran shekaru kamar ƙarfe. In babu su kuwa, ƙarfe zai ci ƙarfe, sitiyari ya riƙa yawo a hannu. Lantana ta tattara ɓurɓushin tsofaffin, ta auna ramukan da suke zama a ciki, ta sa aka fafe mata mazubi. Ta nemi izinin shugabanta, in an tashi aiki sai ta tsaya tana haɗa roba, da goyo a bayanta. Na farko suka yi laushi kamar tuwo. Na biyu suka yi tauri, ana dannawa suka fashe. A lokacin aka zaɓe ta zuwa kwas ɗin da za a ƙara mata girma, ta ce a tura wata. Kowane ƙarshen mako takan hawo mota zuwa Bichi da sabon haɗi, ta durƙusa gaban gado, ta sa zoben a shanyayyen hannun mahaifinta.

"Baba, kai ka san yadda take so. Matsa ka ji."

Da farko yatsun ko motsi ba sa yi. Daga baya suka fara lanƙwasa. Ya riƙa cewa wannan ya yi ruwa, wannan ya yi dutse. Wata Asabar ya matsa, ya sake matsawa, ya ce, "Auta, wannan ne." Ranar da kansa ya riƙe cokali.

Aka haɗa komai. Hannaye suka koma gurbinsu, sifirin ya zauna, aka sa tayoyi. Ilu ya ɗauki sufana zai ɗaure notin bushin alhali motar na sama a kan jak, sai aka ji tsawa daga baya, ba ta mota ba.

"Kai Ilu! Kada ka ɗaure sai ta zauna da nauyinta, za ka murɗe robar!"

Suka waiga. Malam Barau ne tsaye, ya dafa ƙyauren ɗaki, ƙafafunsa na rawa amma suna ɗauke da shi. Matan gida suka rangaɗa guɗa. Aka janye bulo, aka sauke jak, Tsawa ta zauna daram a kan tayoyinta, sannan aka ɗaure.

Bayan damina Malam Barau ya warware har ya shiga mazaunin direba. Ni ina bakin masallaci ranar. Ya fito da ita a hankali, 'ya'yansa uku a ciki, ya bi hanyar kasuwa mai ramuka, motar na haɗiye su ba ko ƙara. Masu shaguna suka fito, 'yan acaɓa suka jeru a bayansa suna oda, mahauta suka ɗaga wuƙaƙe sama suna kirari. Ya zagaya gari ya dawo ƙofar gida, ya kashe injin, ya daɗe a zaune yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Da ya fito sai ya kira mu dattawan unguwa. Ya ce shi ya gama tuƙi daga yau, kuma yana so ya ba da motar kyauta tun yana raye. Mota ba ta rabuwa uku, sayarwa kuwa ya ce ko bayan ransa bai yarda ba. Yaran kowa ya sunkuyar da kai, babu wanda ya ce ni. Muka yi ta muhawara har aka kira sallah ba mu daidaita ba.

Yahuza ya rasa aikinsa ya nemo abin da babu shi a ƙasar nan. Ilu ya ba da yatsunsa da shagonsa ya mai da karyayyen ƙarfe sabo. Lantana ta bar girman da aka miƙo mata ta ƙirƙiro abin da ba a sayarwa. Cire ɗaya a cikinsu, mota na kan bulo, tsoho na kallon bango.

To, ku da kuka ji, wa za a miƙa wa makullin Tsawa?