Injin Niƙa a Bakin Rafi

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke hayin rafi, inda hanya ba ta da kyau ko da rani, balle da damina. Matan ƙauyen sukan ɗauki hatsi a ka su kai niƙa cikin gari, su dawo a gajiye. Wata shekara Allah ya sa wa gonarsa albarka, sai ya sayi injin niƙa, ya ɗauki hayar a-kori-kura ta kawo masa gida.

Da suka iso bakin rafi, tayoyin baya suka nutse cikin laka. Direba ya taka, ya sāke takawa, motar ta yi tari ta mutu. Ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas.

Direba ya ce, "Baba, iyakata ke nan. In ruwan nan ya sauko rafi ya kawo, da mota da inji sai dai labari."

Manomin nan kuwa bai taɓa roƙon kowa ko aron fartanya ba, yana kuma alfahari da haka. Ya tuɓe riga, ya sa kafaɗa, ya tura har idanunsa suka yi ja. Motar ko motsi. Ya ce, "Ya Ubangiji, ka taimake ni." Sai ya jiyo muryoyin masu gayya a wata gona can gangare. Kunya ta riƙe masa ƙafa, har aka yi tsawa. Sai ya ruga, laka har gwiwa, yana kira, "Jama'a, ku agaje ni! Ni kaɗai na kāsa!"

Tun bai rufe baki ba suka yar da fartanyu. Wani ya koro shanun huɗa, aka ɗaura igiya aka jawo motar kan tudu. Majiya ƙarfi suka saro itatuwa, suka ɗora injin a kai, suka saɓa a kafaɗa, suka ratsa ruwa. Ƙafar na ƙarshe na taka gaɓar rafi, sama ta kece da ruwa. Suka shiga ƙauye a jiƙe sharkaf suna waƙar yabo, mata na ta guɗa, manomin a tsakiyarsu yana dariya da hawaye.

To, ma'anar wannan misali ita ce: injin nan alheri ne da Allah ya ba mutum domin jama'a. Laka ita ce wahalar da kan tare mu a hanya, kunyar nan kuwa girman kai ce. Sau da yawa mukan yi addu'a, alhali Ubangiji ya riga ya ajiye amsar a hannun 'yan'uwa, kusa da mu. Bai yi mu domin kowa ya ɗauki kayansa shi kaɗai ba.

Ɗan'uwa, me ya kafe maka a wannan mako? Ga ikilisiya kewaye da kai. Buɗe baki ka kira.